Lambar da Ke Ƙarƙashin Salatif

Akwai wata yarinya, babanta mai gyaran rediyo ne. A aji Injiniya ake kiranta, ita kuwa sai fasa kai take yi.

Ranar Talata malamin kimiyya ya raba wa kowa batir da mitar auna wuta da rezista mai rage gudun wuta da kafasita, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta. Lambar girman da ke jikin kafasitar ya liƙe ta da salatif.

"Ku haɗa su, ku duba agogo," in ji Malam. "Da allurar mita ta kai jan layi, wato kashi sittin da uku cikin ɗari na ƙarfin batir, ku tsaya. Ku raba daƙiƙun da girman rezista, ku samu girman kafasita. Wanda ya dace, shi zai wakilce mu a gasa."

Injiniya ta auna sau uku, kowane karo sai ta juye wutar tukuna. Daƙiƙa bakwai. Lissafi ya ba ta saba'in.

Amma zuciya ba ta da ƙashi. Ta ɗaga salatif, ta leƙa. Ɗari! Nan da nan ta goge amsarta, ta rubuta ɗari.

Malam ya duba takardarta. "Ina lissafin da ya haifi ɗarin nan?"

Kunya ta rufe ta.

"Leƙawa na yi, Malam."

"To, yau ba ki da maki. Sauran ma ba su dace ba. Gobe a sake."

A shago ta gaya wa babanta komai, tana hawaye.

"Haba 'yar Baba!" in ji shi. "Kafasita ma tsufa take yi. In ta bushe, ba ta ɗaukar abin da aka rubuta mata. Me ya sa kullum nake aunawa?"

Washegari ta auna a gaban aji.

"Saba'in ne, Malam. Ko jikinta ya ce ɗari, ni saba'in na gani."

Malam ya tafa. "Da gangan na ba ku tsofaffi. Injiniya, ke za ki je gasa!"

Da yamma babanta ya miƙa mata mitarsa, wadda ba ya barin kowa ya taɓa.

"Riƙe," ya ce, bakinsa har kunne. "Wanda ya auna da gaskiya, ba ya buƙatar leƙe."