Akwatin da ya mutu a kan kukar Turba

"Ita tak kashe shi! Wa yas san cikinshi in ba ita ba?" Yari, shugaban 'yan sa-kai, ya buga teburin caji ofis har biron Sufeto Kalilu ya faɗi.

Luba ɗiyar Malam Talha ta manne da bango. A waje kuwa jama'a sun cika, wasu da gora.

Ita ce ta yi karatun lantarki a Sakkwato ta dawo ta haɗa 'yan akwatina, kowane da batir da sola da 'yar ƙwaƙwalwa kamar ƙwalin ashana, ta rataye su kan itatuwan hanyar daji. In ɗaya ya ji rurin babur sai ya gaya wa na kusa, shi ma ya miƙa gaba, har jiniyar masallaci ta ɗauka, kowa ya ruga cikin gero. To jiya 'yan bindiga sunka shigo sunka kore shanun unguwa, jiniya ko tari ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe, na kan kukar Turba ne ya yi shiru," in ji Luba. "Na bayanshi duk ta bakinshi suke magana."

Sufeto ya fitar da ita ta ƙofar baya, sunka nufi kukar. Shi ma fa, kada ku ga kakin, duk tafiyar nan waige yake, hannu a kan bindiga.

Wani kurtun ɗan sanda ya hau kukar ya sauko da akwatin. Waya lafiya, eriya lafiya, batir ko ɗigon wuta babu. An shafe fuskar solar da laka, har da sawun yatsu.

"Mai son kashe shi nan take waya zai cire," Sufeto ya ce. "Wanga bai san waya ba. Hana shi rana ya yi." Ya sunsuna lakar. Fetur.

"Kafin ya mutu, ya taɓa yi maki gardama?"

"Duk ranar kasuwa yakan tada jiniya, a ruga, ba a ga kowa ba. Har anka fara ce mani maƙaryaciya."

Sufeto bai nemi maza ba, wurin tsofaffin mata ya nufa, kuma ya yi dabara, don mu mata ko a bakin mutuwa muna ganin wa ya zo da wa.

"Inna, ranakun nan wa ba ku gani cikin gero ba?"

"Lawwali mai faci, ɗana. Shi da ke riga jarirai kuka! Kuma ɗiyarshi Fadima, wai tana garin Isa wurin gwaggonta. Gwaggon da munka rufe bara?"

Da anka kawo Lawwali ofis sai ya hau rantsuwa. "Ni ko tsani ban iya hawa ba."

"Ina Fadima?"

Nan fa ya faɗi gaskiya. Ashe tun farkon damina 'yan bindigar ke riƙe da yarinyar, shi ke kai masu fetur da garin kwaki a babur duk ranar kasuwa, don kada su taɓa ta.

"Duk fitata abin ga sai ya tona ni, yallaɓai. Ban ce su zo ma shanu ba, wallahi!"

Ana sa masa ankwa ya fasa ihu. "Yau kasuwa! In ba su gan ni ba mi za su yi mata?"

Kurtu ya ja shi sel, Sufeto ya ɗauki waya yana kiran 'yan sandan Sabon Birni.

Yari ya yi gyaran murya, bai ko dubi Luba ba. "To, ke, sai a je a gyara kamin la'asar."

"Za ni, Baba Yari, amma ba don kai ba. Ka fita ka gaya wa masu gorar nan abin da kaj ji."

Ta sungumi akwatinta ta fice, ta bugo ƙofa har ƙasar bango ta zubo masa a hula.