Mayafin Da Wubalem Ta Manta Ba Ta Juya Ba

Ranar da Ermiyas ya fara ganin Wubalem faɗa ta yi masa, a gaban mutanensa kuma.

Ya kawo 'yan wasansa layinmu na Shiro Meda, inda masaƙa da masu sayar da tufafi suke, zai ɗauki zaman makoki a fim ɗinsa na farko. Mata shida sun zauna a ƙofar wani gida suna rusa kuka, mu kuma mun yi cirko-cirko muna kallo. Sai murya ta fito daga shagon marigayi Ato Bekele masaƙi.

"Kai mai fim, ai babu wanda ya mutu a gidan nan."

Ya juyo a fusace, ya ga wata doguwar yarinya da almakashi a hannu.

"In ji wa?"

"In ji mayafansu. Dubi adon bakin mayafin netela yana ƙasa, haka ake zuwa biki. Mai makoki juya shi take yi, adon ya koma sama ya kewaye fuska. Kai ba a taɓa yi maka mutuwa ba?"

Ermiyas ya ce, "An yi mini, mahaifiyata. Amma ranar ban ɗaga kai na kalli mayafin kowa ba."

Wubalem ce, na san ta tun tana goye. Ta ajiye almakashin, ta tsallako titi, ta bi matan ɗaya bayan ɗaya tana juya musu mayafi. Da ta gama ta ce masa a hankali, "Ka yafe mini." Shi kuwa ya manta da kamara, ya manta da 'yan wasa, sai kallonta yake.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta, don ya kwafi lambar daga allon shago.

"Ni ne wanda kika kunyata. Akwai sauran makoki biyu da biki ɗaya a fim ɗin, ina tsoron sake yin abin kunya. Za ki riƙe mini sashen tufafi?"

Ta amsa: "Zan duba maka mayafai kawai. Kada ka sa rai da wani abu."

Ai kuwa ya sa rai. Kafin damina ta ɗauke ya koma kiranta Wubiye, ita kuma tana ce masa Ermi. Kullum sai ya sami dalilin zuwa shago, yau maɓalli, gobe zare, har matan layi suka fara tambayarsa ko fim ɗin nan a kan ɗinki yake. Wata rana suna shan gahawa ya ce, "Wubiye, ni maraya ne, ba ni da gida sai ɗakin haya da kamara. Amma zuciyata ta zauna a kanki. In turo dattawa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ma tawa ta zauna, Ermi. Emaye ce matsalar."

Emaye ita ce mahaifiyarta, Emama Askale. Shekara huɗu ke nan ɗanta Dagnachew ya bi hanyar teku zuwa ƙasashen Larabawa. Ya kira sau ɗaya daga bakin ruwa, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya, ta ce ba a yi wa rayayye kuka. Amma duk layin mun san ba ta barcin asuba. A wurinmu ba a faɗin mutuwa ta waya, dattawa ne suke zuwa da sassafe su ƙwanƙwasa ƙofa, shi ne mardo. Wannan ƙwanƙwasar take sauraro kowace safiya ta Allah.

Da Wubalem ta kai mata zancen Ermiyas, ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗen garin da take yi ba.

"Mai fim? Waɗanda suke kwantar da mutum mai rai su yi masa kuka? Kiran mutuwa suke yi, 'yata, ni kuma ba za a kira mini ita gida ba. Ga Ato Tilahun mai shagon yadi a kasuwar Merkato, kowace salla sai ya aiko da man shanu. Shi me ya rasa?"

"Ba na son sa, Emaye."

"So daga baya yake zuwa."

Wubalem dai ba ta bar aikin fim ɗin ba. Sai dai ta daina faɗin inda take zuwa.

Makokin ƙarshe na fim ɗin a kan dutsen Entoto za a ɗauke shi, da hasken fitowar rana. Wubalem ta ce wa mahaifiyarta za ta coci addu'ar safe. A kan dutsen aka tarar mace ɗaya ba ta zo ba, Ermiyas ya roƙe ta ta cike gurbin, za ta tsaya a baya ne kawai. Ta juya mayafinta ta shiga sahu. Da aka fara kukan sai yayanta ya faɗo mata a rai, ta yi kukan da ta shekara huɗu tana haɗiyewa saboda mahaifiyarta. An ce a tsaya, ita ba ta iya tsayawa ba.

Hankalin Ermiyas ya tashi. Ba zai iya barin aiki ba, sai ya roƙi tsofaffi biyu daga cikin 'yan wasan su sa ta a mota su raka ta har gida. Tausayi ne ya sa shi, kuma babu wanda ya yi tunanin komai.

Emama Askale ta ji an ƙwanƙwasa ƙofa rana ba ta daɗe da fitowa ba. Ta buɗe. Ga 'yarta idanu jajur, adon mayafi a sama ya kewaye fuska. Ga dattawa biyu a bayanta, lulluɓe da fararen barguna, sun sunkuyar da kai don ladabi.

Ihun da ta yi har yau yana kunnena.

"Ɗana! Dagnachew! Wayyo ɗana!"

Ta faɗi tana dukan ƙirji. Muka fito a guje, kowa yana juya mayafi a hanya. Kafin ka ce me mai ƙahon ƙungiyar jana'iza ya busa, samari sun tafi ɗauko rumfa. Wubalem tana riƙe da ita tana cewa, "Fim ne, Emaye, fim ne! Mantawa na yi!" amma wa zai ji ta a cikin wannan kururuwa? Sai da rana ta ɗaga aka gane abin da ya faru. Muka watse a sanyaye, babu mai iya kallon idon wani.

Emama Askale ta yi sati biyu a kwance. Wubalem ta tura masa saƙo ɗaya:

"Na kusa kashe mahaifiyata da hannuna. Kada ka sake nemana, Ermi. Ina son ka, amma ka bar ni."

Ya amsa: "Ni na sa ki a sahun, ni na haɗa ki da dattawan. Laifin nawa ne, Wubiye, ba zan bar miki shi ki ɗauka ke kaɗai ba."

Ba ta mayar ba. Ato Tilahun ya fara zuwa dubiya da lemo da zuma, har aka soma cewa an kusa sa rana. Wubalem ta rame, tana zaune a shago kamar wadda aka dasa.

Bayan wata guda, da tsakar rana, muka ga Ermiyas ya shigo layi da ƙaton dutse a wuyansa, yadda mai neman gafara yake yi tun zamanin kakanni. Ni dai ban zaci yaran yanzu sun san wannan ba. Ya shiga tsakar gidan ya durƙusa, dutsen yana danne masa kai.

"Emama, na yi miki laifi. Ki yafe mini don Allah."

Tana zaune tana soya gahawa, ba ta kalle shi ba. Ta soya, ta daka, ta dafa. Ta sha zagayen farko, ta sha na biyu, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Wubalem tana bakin ƙofar ɗaki tana hawaye. Sai a zagaye na uku tsohuwar ta ce, "Sauke masa, kada ya mutu mini a gida a ce wannan ma fim ne."

Aka sauke dutsen. Ta daɗe tana kallonsa.

"Shekara huɗu ina tsoron safiyar nan, kai ka kawo mini ita. Na ga yadda take. Ban yafe ba tukuna." Ta kurɓi gahawa. "Wannan fim naku, yana kaiwa Jidda?"

"Yana kaiwa, Emama."

"Da Yaman? Da inda ake tsare mutane?"

"Duk inda ɗan ƙasar nan yake da waya, ana turawa hannu zuwa hannu."

"To gobe ka zo da abin naka. Za ka sa ni a farko, kafin ƙaryarku ta fara."

Washegari ta sa fararen kayanta na zuwa coci, ta zauna a kan kujerar mijinta. Ermiyas ya ɗora kamara a kafaɗa, ya ce ta kalli gilashin kamar mutum ne. Ta ce ba sai an koya mata magana da ɗanta ba.

"Dagnachew, ni ce. Na tsufa, amma ni ce. In kunya ce ta hana ka don ba ka samo komai ba, ka taho haka, ban aike ka neman komai ba. In wani ne yake kallon nan ya san inda ɗana yake, a raye ko a kwance, ya aiko mini, na iya ji yanzu." Ta goge ido da bayan hannu. "Ka yi ƙoƙari ka zo a watan Tir, bayan an gama girbi. Ƙanwarka za ta yi aure. Za ta auri yaron nan da yake riƙe da abin da nake magana a ciki. Ba shi da wayo sosai, amma ya san laifinsa, kuma ba shi da uwa."

Duk wanda ya kalli fim ɗin ya ga yadda hoton ya girgiza a daidai wurin nan. An ce masa ya gyara, ya ƙi.

Dattawa suka zo neman aure bayan sati guda, da la'asar sakaliya, don kowa ya ja musu kunne kada su zo da sassafe. An ɗaura auren a watan Tir, layinmu ya cika har mota ba ta iya wucewa. Dagnachew bai zo ba, kuma har yau ba a ji daga gare shi ba. Ba zan ɓoye muku ba, an yi hawaye a bikin nan kusan yadda aka yi guɗa.

Da lokacin tafiyar amarya ya yi, ango da amarya suka durƙusa suka sumbaci gwiwar Emama Askale. Ta dafa kan Wubalem, ta dafa na Ermiyas, ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu dawowa gida. Tashi, ɗana. Na yafe."