Mai Wankin Motar Gawa

Rana ta take tsaka, lokacin da ko kaza ba ta barin inuwa, amma Raudatu tana cikin gonar dawa tana bin bayan masoyinta Sama'ilu a ɓoye.

Jarka ce a kafaɗarsa. Bai waiwaya ba. Hanyar da ya ɗauka kuwa ba ta zuwa ko'ina sai maƙabarta.

Innalillahi... ashe gaskiya ne?

Da bokiti biyu da soso Sama'ilu ya fara wankin mota a bakin titin Gezawa. Ruwan ma a kura yake turowa, ya wanke babur, ya wanke adaidaita. Yau ga rumfar kwano, ga janareto, ga injin feshi, direbobi har layi suke yi. Badaru, mai wajen wanki a tsallaken titi, wanda shi ma ya daɗe yana son Raudatu ba ta ko kallonsa, shi ne ya zauna ya gano wa mutane dalili. Wai tun da Sama'ilu ya karɓi wankin motar gawa ta garin, wadda kowa ya ƙi taɓawa, kasuwarsa ta buɗe. Wai ruwan da ya wanke cikinta ba ya zubarwa, tarawa yake a jarka ya kai inda ake yi masa aiki.

Maganar ta zaga gari har ta isa zauren mahaifinta, Malam Abdulmumini, mutumin da rabin garin a gabansa suka sauke Alƙur'ani.

Malam ya ce, "Ba zan haɗa zuri'a da mai tsafi ba. Kada ya ƙara taka min ƙofar gida!"

Iya, kakarta, ita kaɗai ta tsaya mata. Ga shi Iyar tana kwance asibiti a Kano, Malam yana can yana jinyarta.

Sama'ilu ya tsaya a gefen shingen maƙabartar, ya sauke jarkar. Wajen tsit, ko kukan kurciya babu. Ganyen dawa ya daina motsi. Ya ciro fartanya daga gindin wata aduwa ya fara haƙa.

"Sama'ilu!"

Ya zabura, fartanyar ta faɗi.

"Raudatu? Me ya kawo ki nan da tsakar rana, hasken idona?"

"Kada ka ƙara kira na haka!" Hawaye ya riga ya wanke mata fuska. "Na yi faɗa da kowa a kanka. Na rantse ƙarya ake maka... ashe ni ce wawuya!"

"Matso ki gani."

"Ba zan matso ba!"

Bai yi musu ba. Ya buɗe murfin, ya karkata jarkar cikin ramin. Ruwan ya gangaro jaja-jaja, da kumfar omo a kai. Ta kau da kai.

"Jiya an yi haɗari a hanyar Zakirai," ya ce a hankali. "Jinin mutane ne, Raudatu. 'Ya'yan wasu ne. In na feshe shi ya bi kwata, kaji su sha, takalma su taka. Ni ba zan iya ba. Da tsumma nake gogewa, in matse, in kawo nan in binne kusa da masu shi."



"To me ya hana ka faɗa?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma abin da mutum ya yi don Allah, sai ya hau kan mota yana shela?" Ya fara mayar da ƙasa. "Ranar da Innata ta rasu, a motar da ta ɗauko awaki aka kawo ta. Da hannuna na kakkaɓe mata kashinsu daga zani. Tun ranar na yi alkawari, in dai ina da ruwa da soso, babu gawar da za ta ƙara shigowa garin nan cikin ƙazanta."

Kunya da tausayi suka lulluɓe ta. Ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri.

"Raudo..."

 Daga cikin dawar muryar ta fito, can ƙasa-ƙasa, da 'yar dariya a ciki. Mutum ɗaya ne a duniya yake kiran ta Raudo.

"Ka ji?"

"Me?"

"Iya ce! Wallahi Iya ce ta kira ni!"

"Iya tana Kano. Kada ki amsa kiran da ba ki ga mai shi ba." Ya duba gabas ya duba yamma, fuskarsa ta canza. "Raudatu... yau wani abu ya same ni. Nababa, direban motar gawar, ya ce in bar ta sai gobe, ba shi da aiki. Amma na kasa zama. Na kori motoci biyu na hau wanke ta. Har sabuwar tabarma na shimfiɗa, na kunna turaren wuta. Ban taɓa sa mata turare ba. Ban san me ya sa ni ba."

 Ta tuna wasan da Iya take yi masa duk ranar da ya zo zance, irin wasan kaka da saurayin jikarta: "Kai mijina, ni ce fa uwargida. Sai ka wanke min mota ka sa mata turare na fara shiga, kafin wannan mummunar amaryar taka ta shiga tata."

Wayarta ta fara ƙara cikin hijabi.

Sunan Malam ne a jiki.

Ba ta ɗauka ba. Ta durƙushe a kan kunyar gona ta fashe da kuka.

Kafin la'asar farar motar ta shigo gari a hankali, Malam yana baya tare da mahaifiyarsa. Aka yi mata sutura, aka sallace ta, aka kai ta. Maza suka dawo suka zauna a ƙofar gida. Mata suna ciki, amma Raudatu ta kasa zama cikinsu. Ta raɓe a bayan ƙyauren zaure tana share hawaye, tana jin ana ta "Allah ya jiƙanta".

Sai ta ji gaisuwar ta yanke.

Ta leƙa. Sama'ilu ne ya ɓullo ta bayan masallaci da jarkarsa, yana rakuɓewa jikin katanga don kada a gan shi. Wauta dai irin ta mai gaskiya, da ranar Allah, a gaban jama'a!

"Kun gani ko?" Badaru ya miƙe, har muryarsa tana rawa don murna. "Ko kwana ba ta yi ba! Ruwan motar da aka ɗauko Iya ne wannan. Malam, da idonka ka gani!"

Wasu suka fara salati. Wani ya ja tabarmarsa baya.

Malam Abdulmumini ya tashi. Bai sa takalmi ba. Ya taka har gaban Sama'ilu, Raudatu ta dafe ƙirji. Shi ke nan, ta rasa Iya, yanzu za ta rasa shi.

"Sauke."

Ya sauke, kansa a ƙasa.

"Na sha raka gawa a motar nan," in ji Malam, muryarsa a dishe. "Da, sai na toshe hanci da rawani nake iya karatu a cikinta. Yau na kwantar da uwata a kan sabuwar tabarma, cikin ƙamshi. Na tambayi Nababa wa ya yi haka, ya gaya min komai, har ramin da kake haƙawa."

Ya juya ya dubi Badaru.

"Kai kuma, da aka kawo maka motar, me ka ce?"

Badaru ya sosa ƙeya. Nababa ne ya amsa daga cikin mutane: "Cewa ya yi in matsa da ita, kada in kore masa kasuwa."

Malam ya sunkuya zai ɗauki jarkar.

"Malam, bari... da nauyi."

"Uwata ce. Kai ɗauko fartanyar." Ya cicciɓe ta ya ɗora a kafaɗa, ruwa yana ɗiga a farar rigarsa. Ya yi taku biyu ya tsaya, bai waiwayo ba. "Na ɗauki maganar da ban bincika ba, ka yafe min. In an share makoki, ka turo magabatanka."

Raudatu ta zame ta zauna a ƙasan zauren, kuka da dariya suka haɗe mata.

Bayan an yi girbin dawa aka ɗaura aure. Ranar kai amarya, Sama'ilu da kansa ya wanke motar da za ta ɗauki amaryar, ya hana kowa taɓa soson. Da aka buɗe mata ƙofa, ƙamshin turaren nan ya bugi hancinta. Ta tsaya da ƙafa ɗaya a ciki.

"Lafiya, hasken idona?" ya tambaya a hankali.

"Lafiya lau." Ta goge ido da gefen mayafi. "Uwargida ta riga ta shiga tata."

Ta waiwaya wajen gonakin da aka girbe, inda babu kowa sai kututturen kara. A wannan karon ba ta ji tsoro ba.

"Na'am, Iya," ta ce, sannan ta shiga.