Randar Sallau

Injin yana aiki, amma ko ka ɗora kunne a jikinsa ba za ka ji komai ba. Haka Sallau yake so. Wata huɗu ya yi yana fama kafin ya kai shi nan.

Sallau mai gyaran allon sola ne a Sabuwar Gusau, yana zaune a hawa na talatin da ɗaya. A garin nan kowa yana ajiye hotunansa da muryoyinsa a Babban Rumbu, wato injinan gwamnati da ke ƙarƙashin ƙasa. Amma dokar Rumbu ita ce duk wanda ya cika shekara da rasuwa a goge nasa, a ba masu rai wuri. Matarsa Hajo ta yi wata bakwai a kabari lokacin da ya fara. Saƙonnin muryarta na shekara ashirin da shida suna can, har da faɗan da take masa kan barin takalmi a bakin ƙofa.

Sai ya ce zai gina nasa rumbun a gida. Na farko da ya haɗa yana da fanka, yana ƙugi, yana shanye rabin wutar da ake ba ɗakin. Kwana biyu ya kashe shi. Hajo a ciwonta na ƙarshe ba abin da ta tsana kamar ƙugin garin nan, lif mai hawa bene da injin iska da jiragen kai saƙo. Ta taɓa ce masa, "Malam, in na tafi, ka sa ni inda babu ƙara."

Ya cire fankar. Ya cire duk abin da ke juyawa, ya sa ƙwaƙwalwa mai kama da ƙwayar dabino, guda biyu, kowace kwafin 'yar'uwarta, ya kwafo saƙonnin Hajo ya zuba a ciki. Saura zafi. Ya sayo randa biyu, ya sa ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, yadda ake sanyaya tumatir a ƙauyensu. Injin ya kwantar da shi a gindin ƙaramar, ya liƙe da ɗanyen yumɓu. Wuta kuwa ta tabarmar ƙarfe take shiga daga ƙasa, babu waya. Wutar da yake ci wat uku ce kacal. Daga ƙarshe ya cire fitilar shaida da ƙararrawar gargaɗi, don su ma suna cin wuta. Kullum da hantsi yakan sa abin ji a kunne, Hajo ta yi masa magana yana shan koko.

Ranar da wa'adin Hajo ya cika a Babban Rumbu, aka goge. Bai damu ba.

Bayan mako uku yayarsa Tasalla ta zo daga Kwatarkwashi ganin likitan ido. Ya sauke ta, ya tafi aiki. Bai gaya mata komai ba. Namiji da furfura ya ce wa yayarsa yana hira da matarsa a cikin tukunya? Bai iya ba.

Da la'asar ya dawo, ƙamshin jema ya tare shi tun daga ƙofa.

"Auta, kai dai ba ka da dama," in ji Tasalla. "Randa mai kyau haka, ka bar ta a bushe kamar kan mai sanƙo. Gida ba mace, ai shi ke nan. Na wanke ta, na turara, na cika. Ungo."

Ta miƙa masa moɗa. Ya karɓa.

"Yaya, a gindinta babu wani abu?"

"Akwai laka, na kankare. Sai wani ɗan ƙarfe. Na ce irin naku ne na birni mai sanyaya ruwa, na ɗauraye shi da toka na mayar. Ai kuwa yana aiki, ji sanyi."

Ya zura hannu har kafaɗa ya ciro shi. Ruwa na tsiyaya ta kowace kafa. Ya san aikinsa, bai ma tsaya gwadawa ba. Ya yi lissafin zafi, ya yi na ɗaukewar wuta, ya yi na ɓarawo. Bai taɓa kawo wa ransa wanda zai zo ya yi masa alheri ba. Kuma ƙararrawar da za ta yi ihu tun ɗigon farko tana cikin aljihun tebur, shi ya cire ta da hannunsa.

Ya zauna a ƙasa ya gaya mata. Tasalla ta murza bakin zanenta.

"Da ya yi ko da tari ne, Auta, da na tsaya."

"Ni na toshe masa baki, Yaya. Ba ke ba ce."

Ta share ido. Can ta ce, "Ka san ranar da aka kai ta gidanmu, me ta ce da ta ga ɗakinka?"

"A'a."

Tasalla ta gyara murya, ta ɗage hanci yadda Hajo take yi. "Yaya, wannan ɗaki ne ko shagon ƙusa?"

Ba muryar ba ce. Ko kusa. Amma wannan maganar ba ta cikin injin, ba ta taɓa shiga Babban Rumbu ba. Sallau ya ajiye ƙarfen a gefe, ya ɗauki moɗar ya sha.

"Sai kuma me ta ce?"