Allurar Fushi

A saman hasumiyar Birnin Madubi, allurar Ma'aunin Fushi ta ɗan motsa, ta matso kusa da jan layi. Injiniya Kubura tana kallonta ta tagar asibiti, hannunta riƙe da na 'yarta Lubabatu.

Ita ta ƙera na'urar. Kowane ɗan birni yana sanye da munduwa mai karanta bugun zuciya, tana aika sakamako hasumiya. Doka ta ce ranar da allura ta taɓa ja, Majalisar Birni ta rushe nan take, ƙofofin ofisoshi su kulle kansu, a sake zaɓe. Kubura ta rasa ƙanenta a zanga-zanga tun tana budurwa, ta rantse ba wanda zai sake mutuwa a kan titi. Haka kuwa aka yi. Mutane suka daina fita, suka daina taro, kowa ya naɗe hannu. Wa zai kashe takalminsa alhali inji yana ƙirga masa fushinsa?

Matatar iska ta Unguwar Gangare ta daɗe da lalacewa, Majalisa kullum cewa take ana dubawa. Hayaƙin masana'antu ya cinye huhun mutane da dama, har ya iso kan Lubabatu, wadda take koyarwa a makarantar unguwar.

"Umma, allurar ta kai ja?" in ji Lubabatu da ƙyar, tana tari.

"Saura ƙiris, 'yar nan."

"Ku bar ta ta kai, ko don ɗalibaina."

Kafin azahar rai ya yi halinsa. Labari ya bazu, zukata suka tafasa, allura ta matsa har sai da 'yan Majalisa suka fara haɗa jakunkunansu.

Amma kafin maza su dawo daga maƙabarta, motocin Majalisa marasa direba sun sauke rumfuna da tabarmi da shinkafa a ƙofar gidan. A wannan aikin dai ba su taɓa makara ba. Sai a ranar Kubura ta gane dalili, abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta auna komai a ɗakin bincike, ta manta da zaman makoki, inda mutanenta suke taruwa su sanyaya wa juna zuciya.

Ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya. "Kada wanda ya ba ni haƙuri! Don Allah ku riƙe fushinku zuwa magariba!"

Mata suka yi cirko-cirko. Iya Tabawa, tsohuwar maƙwabciyarta wadda wannan tarin ya raba ta da jikoki biyu, ta dogara sanda ta miƙe.

"To Kubura, me za mu ce miki? Mu zauna mu zuba miki ido kamar ba mu san ki ba?" Ta kama hannunta ta janyo ta jikinta. "Allah ya ji ƙanta. Sai haƙuri, 'yata."

Kubura ta cije, ta tuno tarin Lubabatu da gangan don wutar ta ci gaba da ci. Ina! Ƙirjin tsohuwar yana da ɗumi, ita kuma ta gaji. Kuka ya ƙwace mata, gidan gaba ɗaya ya ɗauka, munduwarta ta huce.

A saman hasumiya allura ta sulale baya a hankali. Bayan sadakar uku motocin suka dawo, suka kwashe rumfunan zuwa gidan da ke bayan nata, inda aka yi sabon rashi.