Awarwaron Mahaifiyar Hazwan

Ruwan sama ne ya koro Hazwan cikin shagon zinaren Haji Mustapa a Kota Bharu ta ƙasar Malesiya, hannunsa duk baƙin man babur. Maizura, 'yar mai shagon, ta miƙa masa tsumma. Don kunya, ya nuna wani zobe ya tambayi ma'anar lambar da ke cikinsa.

"925 azurfa ce, zinare mai kyau 916 ake buga masa," ta ce tana dariya. "Saye za ka yi ko fakewa?"

Tun ranar kullum sai ya ƙirƙiro dalilin zuwa, har soyayya ta kama su.

Haji bai so ba, ya fi son Ridzuan, ɗan amininsa mai sayar da yadi. Da Maizura ta dage, ya ce, "Ya kawo abin baikonsa ranar Juma'a in gani."

Hazwan ya nuna mata awarwaron marigayiya mahaifiyarsa, ga 916 raɗau a ciki. Tana ɗaga shi ta gane ba zinare ba ne. Ba nauyi, kuma jan tagulla na leƙowa a gefe. Ta mayar masa, ta tafi ba ko sallama.

Can saƙonsa ya shigo wayarta: "Zura, raina shi kika yi? Shi kaɗai Inna ta bar mini."

Ta rubuta: "Abang, masoyina, tagulla ce aka yi wa ruwan zinare, hatimin na ƙarya ne. Baba ba ya yafe jabu. Wallahi tsoro nake ji. Bari in musanya maka da irinsa daga shago."

"A'a, masoyiyata. Ni ma tsoron nake ji, amma ba zan shiga gidanku da sata ba."

Ranar Juma'a ya durƙusa gaban Haji, zufa ta jiƙa masa riga. Maizura na bayan labule, ta toshe baki da mayafi.

"Haji, kafin ka duba, jabu ne."

Haji ya karɓa. Ya goga awarwaron a baƙin dutsen gwaji, ya ɗiga masa ruwan gwaji. Zanen ya ɓace nan take.

"Ka sani, kuma ka kawo mini?"

"Har ta rasu Inna tana ganin zinare ne. Ba ni da abin da ya fi shi daraja."

Bayan labule Maizura ta fara kuka.

"Na tsufa a kan dutsen nan," Haji ya ce, "kowa ya zo da jabunsa sai rantsuwa. Kai ne na farko da ya riga dutsen magana. Turo mini manyanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Haji ya jera wa amarya zinare ta zaɓa, ta ce na surukarta za ta sa.

Ya girgiza kai, ya ɗora hannu a kansu. "Ku je, Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a masu gaskiya."