Mutumin da Ya Rabu da Gajiya

Duk wanda ya zauna Zuru a shekarun da wayar salula ta fara shigowa ya san injin niƙan Ezekiel. Ko bai taɓa kai dawa wurin ba ya san ƙararsa, don injin nan ba ya shiru. Mutane na cewa Allah ne ya ba bawan nan ƙarfi. Kayya, jama'a, ba kowane ƙarfi ne na Allah ba.

Da farko Ezekiel yaron injin wani ne. Ƙato ne mai ƙashin noma, wanda ya yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata, har ya samu Alice. Allah ya ba su Kefas da ƙanwarsa Dinah. Talauci kam akwai shi. Amma in ya taso aiki da yamma, yaran kan sheƙo da gudu suna "Baba oyoyo!", Alice ta karɓi jakarsa, ta kai masa ruwan zafi, ta zauna tana matsa masa ƙafa suna hira. Yana da wannan duka, kuma bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Wata rana gyangyaɗi ya sace shi a bakin inji, bel ya tsinke. Maigidan ya wanke shi tas a gaban matan da suka kawo niƙa, ya kore shi. Ezekiel bai ga laifin maigidan da ke sa shi aiki ba hutu ba, laifin jikinsa ya gani. Ya riƙa cewa a ransa, in ba don gajiya ba, wa zai fi ni a garin nan? Da wannan ciwon a zuciya ya ji labarin wani tsoho mai tsafi da ke bayan Dirin Daji, ya ce wa Alice zai je neman aiki Sakaba.

Rana tsaka ya isa. Wurin gindin wata kuka ce mai rami a ciki, a ƙarƙashin dutse, kuma duk zafin ranar nan ba ko tsuntsu ɗaya a kanta. An ɗaure wa kukar wani ƙyalle da ya taɓa zama fari. A bakin ramin akwai tuluna jere, bakinsu toshe da laka, gashin kaji ya manne musu da tsohon jini, tsamin burkutu na tashi daga ƙasa. Tsohon na zaune a kan turmi da aka kife. Bai amsa gaisuwa ba.

"Mi kaka so?"

"Baba, ban zo roƙon kuɗi ba, ina da hannuwana. So nake ka raba ni da gajiya. Amma ka sani tun yanzu, ni mai zuwa coci ne, ba na ba da jinin kowa."

Tsohon ya yi dariya ba sauti. "Wa ya tambaye ka jini? Abin da kaka so yana yiwuwa. Sai dai gajiya ba ta mutuwa, yaro. In na cire ta jikinka, dole wani ya ɗauka."

Ezekiel ya matso kusa. "Wane ne?"

"Wanda ya miƙo hannu da kansa ya karɓe ka. Ba a tilasta ma kowa."

"In ba wanda ya miƙo fa?"

"Sai ta jira."

Ezekiel ya hau lissafi irin na wanda kwaɗayi ya rufe wa ido. Ya tuna maigidan da ya kore shi, ya tuna matan da suka yi masa dariya. A duniyar nan da kowa ke ta kansa, wa zai miƙo hannu ya karɓi gajiyar wani? Ko sau ɗaya ƙofar gidansa ba ta faɗo masa a rai ba.

"Na yarda," in ji shi.

Tsohon ya ba shi wata tsohuwar fartanya, ya sa shi noman fako a gaban kukar, ƙasar da ko ciyawa ba ta fitowa. Ya yi ta sara har tafin hannunsa ya fashe, har ya kife. Tsohon ya zo da sakaina ya kankare zufar goshinsa da ta gadon bayansa, ya ɗiga a wani sabon tulu, ya yanka baƙin zakara a kai, ya toshe da laka yana magana da harshen da Ezekiel bai taɓa ji ba. Nan take Ezekiel ya miƙe garau. Da ƙafa ya koma bakin titi, yana fito.

Ya karɓi hayar wani tsohon inji, ya kama aiki. Wasu su tashi, shi yana nan, su dawo su tarar da shi. Kafin mutane su farga ya sayi injin, ya ƙara na casar shinkafa, ya sayi babbar mota mai kai hatsi Kontagora, ya gina gidan siminti. Ya ɗauki ma'aikata, kuma ya ce kowa ya yi yadda shi yake yi. Mika, mai kula da injin casa, ya same shi wata Asabar.

"Oga, a bar mana gobe mu je sujada, mu ga iyalinmu. Jikinmu ba ƙarfe ba ne."

"Ni da nake biyan ku, na huta ne?"

A ranar Lahadin nan barci ya fizgi Mika, bel ya tafi da yatsunsa. Ezekiel ya biya kuɗin asibiti, ya ɗauki wani, injin bai tsaya ba.

A gida kuwa Alice ta fara wata irin kasala. Duk sa'ad da ya leƙo, takan tashi ta karɓi jakarsa kamar kullum, ta kai ruwa, ta matsa masa ƙafa. Washegari ta kasa ɗaga tukunya. Aka kai ta asibiti, aka yi ƙarin ruwa, aka yi ƙarin jini, ba a ga ciwo ba.

"Baban Kefas," ta ce masa wata rana, "yaran nan sun kusa manta muryarka. Zauna yau mu ci tuwo tare, ko sau ɗaya."

"Duk wahalar nan don wa nake yi? Ba don ku ba?"

"Mu kai muke so."

Ya ce gobe. Bayan 'yan kwanaki Dinah ta tarar da uwarta zaune a inuwa, faifan wake a cinya, ta jingina da bango kamar mai hutawa. Ta riga ta yi sanyi. Ezekiel ya yi kuka kam, ba musu. Amma fasto bai gama addu'a a bakin kabari ba ya sulale, don motar masara na jiransa.

Kefas ya bar makaranta don ya taimaki ubansa. Yaro mai tausayi, da ya ga uban ya sunkuya zai ɗauki buhu sai ya rugo: "Baba, kawo in karɓe ka." Kullum haka. Ya fara barci a tsaye, daga baya barcin ma ya ƙi zuwa. Wuyansa ya karkace. Aka wayi gari yana zagaya kasuwa kansa ba komai, yana roƙon mutane su nuna masa inda zai ajiye kaya. Da Ezekiel ya je kama shi, yaron ya dube shi ya ce, "Baba, kayan nan naka sun yi nauyi."

Sai a lokacin maganar tsohon ta dawo masa. Ya bar komai ya nufi Dirin Daji, ya zube a gindin kukar.

"Baba, ka maido mini abina! Na yarda in gaji, na yarda in talauce."

"Abin da tulu ya sha ba ya amarwa. Na gaya maka ba a tilasta ma kowa, ka ce ka yarda. Wa ya rage maka?"

"Ɗiyata."

"To, kada ka bari ta miƙo hannu. Amma ka sani, gajiyar da ba a ɗauka ba taruwa take."

Ezekiel ya dawo da niyya guda: Dinah za ta rayu ko da za ta tsane shi. Da ta fito tarbarsa ya daka mata tsawar da ta sa ta faɗi zaune. Ya haɗa mata kaya, ya tura ta Bena wurin Beatrice, ƙanwar uwarta. A tasha yarinyar ta leƙo ta taga tana kuka tana kiransa, ya juya baya. Kefas aka kai shi gidan addu'a, can ya ƙare a ɗaure. Ezekiel kuwa ya kulle gidan simintin ya koma inji da zama gaba ɗaya. Ba ya yarda kowa ya kama masa ko tsinke. Kuɗin makaranta yana zuwa Bena a kan kari. In Dinah ta ari wayar Beatrice ta kira, ya dubi lambar har ta katse, hawaye na yin hanya a garin niƙan da ya rufe masa fuska.

Shekaru suka wuce. Dinah ta gama makarantar koyon aikin jinya, wani ya fito neman aurenta. Beatrice ta ce mata ta rabu da uban nan da bai san darajarta ba. Dinah ta ce ko kare zai sakar mata, ubanta ne, da bakinta za ta gaya masa. Ba ta aika ba, ta shigo mota ranar kasuwa.

Da la'asar ta isa. Injuna na ruri, ba mai jin maganar wani. Ta hango shi ya ba ta baya, ya rame, kansa ya yi fari, ya duƙa ƙarƙashin buhun masara yana neman miƙewa. Ta kira shi, bai ji ba. Duk fushin da ta taho da shi ya narke. Ta ajiye jakarta, ta je ta bayansa, ta sa hannu biyu ta tallafi buhun.

Ezekiel ya ji wani sauƙi ya ratsa shi daga wuya har tafin ƙafa, daɗin da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya lumshe ido, ya sauke numfashi, har da cewa, "Na gode Allah." Sannan ya juya.

Tana durƙushe a ƙasa, leɓunanta sun bushe, idanunta sun faɗa. Ta ɗago da kyar ta dube shi, ba fushi a fuskarta, tausayi ne kawai.

"Baba," in ji ta, "ashe haka kake ji?"

Ta kwanta a kan buhunan dusa, ba ta sake tashi ba.

Ranar nan Ezekiel ya kashe injunansa da hannunsa. Sun yi tsatsa a inda suke, motar ta ruɓe a kan tayoyinta, gidan simintin jemagu suka gaje shi. Shi kuwa har yau ƙarfinsa na nan. Yana bin titunan Zuru da sauri, hannuwansa cuse a hamata, ba ya zama, ba ya barci. In wata mai tausayi ta matso da ruwa ko tuwo, sai ya ja da baya yana ihu kada a taɓa shi. Waɗanda suka saurari sambatunsa sun ce ba mutuwar ɗiyar kaɗai yake ambata ba, daɗin nan da ya ji ne ya kasa yafe wa kansa.

To, ku masu cewa sai kun tara sannan ku zauna da iyali, da ku masu hana yaran aikinku numfashi, ku ji da kunnen basira. Allah ya sa gajiya a jikin mutum don ta kora shi gida tun akwai masu jiransa. Wanda kwaɗayi ya sa ya ƙi jin tasa, wallahi wani ne ke ɗaukar masa, kuma ba maƙiyinsa ba ne.